Ka Dawo Ka Gyara Injin Inna

Sabon Gari, Ƙaura Namoda,
6 ga Maris, 2000.

Zuwa ga Malam Kamaluddeen, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, sanyin sabuwar randa, farin watan da ke kwanciya a kan gulbin Gagare. Assalamu alaikum.

Na yi maka sallama don addini ya ce a yi, na kira ka da sunayen nan don har yanzu naka ne. Amma kada ka ɗauka da murmushi nake rubutu. Wallahi ƙirjina tafasa yake yi!

Takardarka ta iso ran Talata ta hannun direban Shinkafi. Layi shida! Bayan kwana ashirin da uku ba ka leƙo mu ba, abin da na samu ke nan. Wai ba ka cancance ni ba, wai in yafe maka, in nemi wanda ya fi ka. Wa ya roƙe ka wannan shawara? Yaushe na zama akuyar da za ka kwance wa igiya ka ce ta bi duk garken da ta ga dama?

Ka manta ranar da ka fara zuwa gidanmu? Ni ban manta ba, ya tauraron asubata. Ka sauko daga babur da ƙaramin injin waldarka ɗaure a baya, malamin makaranta guda, fes da kai, kana neman Baba Maitama, tsohon mai waldar reluwe, ya koya maka abin da kake wasa da shi ran Asabar da Lahadi. Ka zauna ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida za ka haɗa kurfoti, murhun gawayi, da falankin ƙarfe mai kaurin farce, ka ɗauki sandar walda geji takwas, mai kaurin karan dawa, ka ƙure wuta. Ko'ina ka taɓa sai huda! Baba, da walda ta cinye masa ido, da kunne kawai ya gane ɓarnar, ya kira ni. Na miƙo maka geji sha biyu ta ƙofar zaure, siririya, na ce ka rage wuta. Ka ɗago gilashi ka dube ni, fuskarka duk baƙin hayaƙi, ka yi dariya. Dariyar nan ce ta kama ni kamar ƙaya ta kama zane, har yau ban ɓalle ba.

To ina mutumin nan da ya karɓi gyara yana dariya? Ina ya shiga ranar da kan injin niƙan Inna ya tsage?

Na gaya maka. Allah shaida ne na gaya maka! Na ce wannan ƙarfen kas ne, ƙarfen zubi, ba irin na ƙofa da taga ba ne. Na ce ba ya karɓar sandar da kake haɗa kujeru da ita, tasa daban ce, mai tsada, wadda ake saye ɗaiɗai. Shekara bakwai ni ke karanta wa Baba lambar da ke jikin kowace sanda, ni ke adana su cikin gwangwani kusa da murhu don kada sanyi ya shige su. Na san geji sha biyu ta siririn ƙarfe ce, geji goma ta bututu da ƙafar gado, geji takwas kuwa injinka ma ba ya iya narka ta sai ka ƙure shi, in ba haka ba ta liƙe. Na san waɗannan kafin in san ɗaura kallabi. Amma abokanka biyu na tsaye, Baba kuma ya tafi ta'aziyya Moriki, sai ka ce, "Nazifa, ki bar mana aikin maza."

Aikin maza! Kalmar nan ta fi tartsatsin walda ƙuna.

Na san uzurinka, kada ka maimaita mini. Peter, mai shagon kayan walda na bakin tasha, ya rufe ya kai iyalinsa garinsu tun da zancen Shari'a ya ɗau zafi, ko da yake ba wanda ya taɓa shi, kuma shi kaɗai ke kawo sandar kas garin nan. Gaskiya ne. Amma Gusau a bayan duniya take? Babban birnin jiharmu, tafiyar awa guda! Ba ka iya jiran kwana ɗaya ba, don kana son Baba ya dawo ya tarar surukinsa ya yi abin a yaba. Ka zuba geji goma a kan tsagar nan, layi mai kyau kamar ɗinkin hula, sannan, ya Rabbi, ka kwara masa ruwa wai ya huce da wuri. Na ji ƙarar da ƙarfen ya yi daga cikin gida, ƙas, na san an yi ɓarna. Na yi shiru don kada in kunyata ka gaban mutane. Wannan shirun nawa ne, kuma ni ma ban yafe wa kaina shi ba.

Kwana uku gyaran naka ya yi. Ran na huɗu, da hantsi, mata sun cika gida da ƙwaryar gero, injin na gudu, sai kan ya fashe. Ɓallin ƙarfe ya yanki Inna daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ɗinki goma sha ɗaya, Kamalu. Ni na riƙe ta, jininta a zanena. Ka zo asibiti, ka tsaya bakin ƙofa, ka ga bandeji, ka juya. Tun ranar sai takarda.

Ka san abin da Inna ke tambaya kullum da safe? Ba hannunta ba, ba injin da yake ciyar da gidan nan ba. Cewa take, "Yaron nan ko yana cin abinci?" Kai kuwa kana can Shinkafi kana jinyar kunyarka kamar ita ce aka ɗinke!

Da ina da fiffike irin na shamuwa da tuni na sauka tsakar makarantarku na faɗa maka wannan a gaban ɗalibanka. Na gwada zuwa. Tun da aka hana mata hawa kabu-kabu sai motar mata, na zauna tasha tun safe har azahar, motar ba ta cika ba, na dawo gida ina kuka don haushi. Dubi yadda ka mai da ni! Ina fushi da kai kamar hadarin gabas, ina kuma kewarka kamar shukar da ruwa ya ɗauke mata tana tsakiyar fidda kai. Da wanne zan ji?

Yanzu saurara, ya sanyin idona, don ba zan sake rubutawa ba. Baba bai zage ka ba. Ya ce shi ma ya fasa ƙarfe ba adadi a reluwe, amma bai taɓa barin aikin da ya ɓata wani ya kwashe ba. Ya ba ka zuwa jajibirin Babbar Sallah. In ba ka zo ba, zai mayar wa iyayenka kayan gaisuwarsu Zurmi, kuma ka san Baba ba ya magana biyu. Kwana tara ke nan.

Ka tafi Gusau ka sayo sandar kas guda shida, geji goma, ka duba kada rigar hodar da ke jikinsu ta zama ta fashe ko ta sha sanyi. Baba ya shafa kan injin ya ce zai gyaru. Za mu gasa shi da gawayi tukuna, ka ɗinka kaɗan kaɗan, tsawon gaɓar yatsa, kana bubbugawa da guduma, sannan mu binne shi cikin toka mai zafi ya kwana ya huce da kansa. Amma kafin ka taɓa ƙarfe, ka shiga ka durƙusa gaban Inna, ka dubi hannun nan da idonka. Bayan ita sai ni. A gaban abokan nan naka biyu ka faɗi maganar, a gabansu nake so ka janye ta.

Ban nemi wanda ya fi ka ba, ba kuma zan nema ba, ko gulbin Gagare zai koma gudu da baya. Kai na zaɓa da hankalina, kai zan riƙe har a sa ni cikin ƙasa. Ka zo in yi maka faɗan nan ido da ido, don na gaji da yi wa takarda.

Taka, cikin fushi da amana,
Nazifa Maitama.