Jan Idon da ke Cikin Motar Auta

Litinin, 3 ga Maris
Matar Auta ce ke rubuta min, ni ban san ko alif ba. Ta ce in na riƙa faɗin abin da ke raina tsoron zai ragu. To ga shi. Ranar sha ɗaya ga wata za a cire min yanar ido, in na kuskure ranar sai bayan wata da watanni. Asibitin da nisa, kuma a motar Auta za a je, wannan sabuwar da ke ƙara in ba ka ɗaura bel ba. Yau wani jan abu ya kunnu a bayan sitiyari. Dishi-dishi nake gani, amma wallahi ni yake kallo. Na ce Auta ya rufe shi. Ya yi dariya, ya manna masa filasta.

Laraba, 5 ga Maris
Mota ta ƙi tashi. Ƙyas, ƙyas, shiru. Auta ya ce batir ne, ya sayo sabo. 'Yar nan, kar ki rubuta cewa na ji daɗi.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta rubuta ashe. Ta karanta min tana ta ƙyaƙyata.

Asabar, 8 ga Maris
Sabon batir ɗin ma ya bi sahun tsohon. Muna dawowa daga awon jini, rediyo ya ɗauke, sitiyari ya yi tauri, muka tsaya cak a gaban shagon mai aski. Da mai askin da wanda aka yi wa rabin kai suka tura mu har wurin mai gyaran wayar mota.

Ya ba ni benci a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗora wasu wayoyi biyu na wata 'yar na'ura mai nuna lamba a kan batir, ya duba, ya tayar da motar da nasa batirin, ya sake dubawa. Wai in inji na aiki lambar sama ya kamata ta yi, tamu kuwa ƙasa take yi. Ya taɓa bel ɗin injin, lafiyarsa lau. Ya ce akwai wani abu, altaneta, shi ke ciyar da batir, shi ne ya daina. Ko batir goma aka sa, yunwa ce za ta kashe su.

Sai ya leƙa ciki ya ga filasta.

“Wa ya yi wa mota jinya?”

Auta ya sosa ƙeya. Na ce ni na sa shi.

“Iya, ai wannan fitilar ba mugunta take yi ba. Gaya miki take yi tun da sauran lokaci.”

Na ce to ta riƙa faɗa da fari mana, dole sai ja?

Lahadi, 9 ga Maris
Yau Auta ke rubutawa, saboda haka lafiya lau nake, ba abin da ke damuna.

Litinin, 10 ga Maris
Kayan gyaran bai iso ba sai la'asar. Tun safe nake zaune a bakin ƙofa. Na zuba wa shayi gishiri a maimakon sukari, kuma ba yau na fara ba. Na gaji da tambayar mutane ko su waye a cikin ɗakina. Na sa 'yar nan ta kira mai gyara har sai da ya ce, “Iya, ko ke za ki zo ki ɗaura?” Ba wai ina son zuwa ba ne. Wahalar yaron nake dubawa.

Talata, 11 ga Maris
Mota ta tashi bugu ɗaya. Ba ni da sauran uzuri, sai asibiti.

Talata, 18 ga Maris
An cire min auduga tun kwanaki, yau muka koma likita ya duba. Ashe matar Auta tana da wushirya. Ashe Auta ya yi furfura, ba wanda ya gaya min.

Da za mu dawo na ce ya ɓare filastar nan. Ya murza makulli, fitilar ta kawo. Ba ido ba ne ma. Wani ɗan akwati ne kamar na ajiye allura. Inji na tashi ta mutu abinta. Na ce ya kashe ya sake, in ƙara gani.

A gaba na zauna. Saboda gwiwata ne, rubuta haka.