Sil Ɗin Man da Ya Kai Ni Gaban Alƙali

Zuwa ga Alhaji Baffa Mai-Hatsi,
mai motocin dakon hatsi a Gammo da Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka sannu da ibada a wannan wata mai alfarma. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma ina fatan jikin mahaifiyarka Hajiya Inna yana ƙara sauƙi.

Ni ne Hamisu bakanike, mai gareji a bakin tashar Gwarzo. Shekarata ashirin da biyu a kanikanci. Sha ɗaya daga ciki na yi su a Kano ina aikin manyan motocin Jamus, sauran kuma na yi su a gida, galibi a ƙarƙashin motocinka na hatsi. Ban so maganarmu ta fito jarida ba. Sau uku na zo gidanka na Kano, sau uku maigadi ya ce ba ka nan alhali ina hango motar da kake fita da ita a ajiye. Na aiko takarda ta hannun liman, ba amsa. Tunda a bainar jama'a aka kira ni ɓarawo, a bainar jama'a zan faɗi abin da ya faru.

Na ɗaya. A tsakiyar Sha'aban direbanka Tanimu ya kawo mini baƙar motarka ta alfarma, mai fulogi takwas, ya ce duk inda ta kwana sai ta bar tabon baƙin mai a ƙasa. Na hau da ita rami, na wanke ƙasan injin, na tayar da ita na jira. Man yana tsattsafowa ne daga mahaɗar inji da giyabos. A nan akwai wani zoben roba da muke kira sil, wanda ke rungume da ƙarshen kiranshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, yana hana mai fita. Naka ya bushe ya tsage. Abu ne da bai wuce tafin hannu ba, amma kafin a kai gare shi sai an sauke giyabos gaba ɗaya. Na gaya wa Tanimu cewa irin wannan injin yana da zafi da gudun da ba ya jure jabun kaya. Na rubuta lambar sil ɗin a takarda, na ce a nemo na asali ko da zai ɗauki mako guda.

Na biyu. Bayan kwana biyu Kabiru ɗan ƙanwarka, wanda ka ɗora a kan kula da motocinka, ya zo da sil a cikin baƙar leda, ba kwali, ba hatimin kamfani. Na danna shi da babban yatsa, na ji robar da tauri. Siririyar wayar ƙarfen da ke cikinsa ta yi sako-sako. A gefensa kuma akwai alamar farin fenti irin wadda masu sayar da kayan gwanjo ke yi wa hajarsu. Na miƙa masa abinsa, na ce, "Wannan ba zai riƙe ba. Ka mayar." Ya ce, "Alhaji ne ya ce a saka haka. Ranar Juma'a yake son motarsa, kuma yanzu kowa tsuke aljihu yake." A gaban Tanimu aka yi wannan magana, da maƙwabcina Malam Isiyaku mai faci.

A nan nake da laifi, kuma ba zan ɓoye ba. Na saka shi. Ya kamata in ajiye sifana in ce a kai wa wani. Amma ka san yadda kasuwa take a shekarun nan. Man fetur ya yi wuya, rabin motocin garin nan an jingine su, kuma aikin motocinka shi ne abincin gidana. Na ji tsoron in ce a'a ga saƙon da aka ce naka ne. Abin da na iya yi shi ne gargaɗi. Na ce a riƙa duba mai kowace safiya, kada a ba ta wuta sosai, kada a yi doguwar tafiya da ita, kuma a dawo mini da ita da zarar na asali ya samu.

Na uku. A makon farko na azumi, da rana tsaka, numfashin Hajiya Inna ya tsananta a Gammo. Aka ɗauko ta a wannan motar za a kai ta asibiti a Kano. Tanimu ne ke tuƙi, Kabiru yana gefensa. Sun wuce Kabo kaɗan sil ɗin ya fashe, mai ya tsiyaye, jar fitila ta kama. Tanimu ya rage gudu zai tsaya, Kabiru ya ce ya ci gaba. Ban ga laifinsa a wannan ba, domin ko ni ne nake jin numfashin tsohuwa a bayana, ban san abin da zan ce ba. Ba su yi nisa ba injin ya buga. Hajiya ta fi awa guda a gindin bishiya a bakin titi kafin wata motar haya ta tsaya ta ɗauke su. Na san abin da ka ji da labarin ya iso maka. Ni ma ina da uwa a raye. Shi ya sa ban taɓa cewa fushinka ba shi da dalili ba.

Na huɗu. Abin da aka gaya maka daga baya shi ne ƙarya. An ce an kawo mini sil na asali a kwalinsa, an nuna maka rasit, an ce na sace shi na saka jabu. Ranar kasuwa 'yan sanda suka zo garejin, suka fito da ni daga ƙarƙashin wata mota, hannuna duk baƙin mai, suka wuce da ni ta gaban masu rumfuna da suka san ni tun ina goye. Na kwana biyu a tsare ina azumi. Daga nan sai kotun Shari'a, inda aka ba da belina.

Alhaji, kai ma ka san nauyin kalmar sata a jihar nan tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Ina cikin waɗanda suka yi murna da zuwanta, kuma har gobe ina tare da ita. A zaman farko alƙali ya yi bayani cewa abin da aka damƙa wa mutum da hannu, ko an same shi da laifi, hukuncinsa ba na haddi ba ne. Waɗanda ke cikin kotu sun ji. Gari bai ji ba. Abin da ya zaga Gwarzo shi ne za a yanke wa Hamisu hannu. Mahaifiyata, wadda ta haura shekara saba'in, ta daina cin abincin buɗa-baki sai ruwa. Matata Rabi ta daina zuwa tafsiri saboda shirun da ake yi idan ta shiga. Na lura idan na miƙa hannu a masallaci, akwai masu duban hannun kafin su dubi fuskata. Garejina kuwa, tun daga ranar, mota biyu kawai suka shigo, su ma na baƙi ne da ba su ji labari ba.

Na biyar. Ina roƙonka ka yi tunani a kan tambaya guda. Daga Gwarzo zuwa Kabo, har Dugabau da ƙauyukan da ke kewaye, mota nawa ce ke da irin injin taka? Ita kaɗai ce. Sil ɗinta ba ya shiga bas, ba ya shiga a-kori-kura, ba ya shiga ko ɗaya daga cikin motocinka na hatsi. In na sace shi, wa zan sayar wa? An binciki garejina da ɗakin kwanana, har buhun masarar Rabi aka zazzage, ba a samu komai ba.

Na shida, kuma wannan ne ya sa na kasa jira. Shaiduna biyu ne. Malam Isiyaku ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani. Tanimu kuwa, kwana ɗaya kafin zaman aka ɗora shi a motar hatsi aka tura shi kudu. Bayan ya dawo, na haɗu da shi ranar Laraba a kasuwar Sabon Birni da ke kusa da mu, ya ja ni bayan wata rumfa yana waige-waige. Ya ce, "Malam Hamisu, ka yafe mini. 'Ya'yana bakwai, kuma an gaya mini ranar da na buɗe baki ranar zan ajiye makulli." Ban tambaye shi wanda ya gaya masa ba, shi ma bai faɗa ba. Na san ambaton sunansa a nan zai iya jawo masa abin da yake tsoro. Na yi kwana uku ina juya abin a raina kafin in rubuta. Na rubuta ne domin yanzu duk abin da ya same shi, kowa zai san dalili.

Shi ne kuma ya shaida mini cewa an riga an yi cinikin wani injin, za a ɗora wa motar kafin Sallah, tsohon kuma a sayar wa masu gwangwan. Alhaji, sil ɗin yana cikin wannan tsohon injin, da farin fentinsa a jiki. Idan ya fita daga gidanka, hujjata ta tafi. An ɗage shari'ar zuwa Litinin ta farko bayan Sallah, wato injin zai bar gidan kafin a sake zama.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Ka ba da umarni da bakinka kada kowa ya taɓa injin nan har sai an buɗe shi a gaban wakilin alƙali. Ka zaɓi bakaniken da ka yarda da shi a Kano, ko da wanda ba ya ga maciji da ni ne, ya cire sil ɗin da hannunsa.

A ɗauki sil ɗin da rasit ɗin a je shagon da sunansa ke kan rasit, a tambaye su ko sun sayar da na asali mai wannan lamba a watan Sha'aban, da kuma wanda ya saya. Daga nan a zaga layin masu gwanjo da alamar fentin. Sun san hannun junansu, ba za a wuni ba a gano mai ita, shi kuma zai tuna fuskar wanda ya saya.

Ka kira Tanimu, kai da shi kaɗai, ka ba shi tabbacin aikinsa, sannan ka tambaye shi abin da na ce ranar da aka kawo ledar.

Idan bayan wannan duka aka ga na ci amanarka, na yarda da duk hukuncin da alƙali ya yanke, ba zan ɗaukaka ƙara ba. Idan kuwa aka ga akasin haka, ba na neman diyya, ba na kuma neman a ɗaure Kabiru. Yaro ne da ya tsorata da abin da ya kusa samun kakarsa, ya nemi inda zai sauke nauyin. Abin da nake so shi ne ka aiko wanda zai tsaya bayan sallar Juma'a a Gwarzo ya ce Hamisu bai yi sata ba, ya faɗa da ƙarfi yadda na sahun baya za su ji, su kai wa mahaifiyata.

Allah ya ƙara wa Hajiya Inna lafiya, ya albarkaci dukiyarka da zuriyarka, ya karɓi ibadarka a waɗannan kwanaki goma na ƙarshe. Allah ya tsare ka daga ɗaukar hakkin wani bisa rashin sani, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, ni da kai.

Ranar Litinin ɗin bayan Sallah zan kasance a kotu tun da safe. Ina fatan kai da kanka zan gani a wurin, ba wakili ba.

Wassalam.

Hamisu bakanike,
Bakin Tasha, Gwarzo.