Murhun Falonmu

Pleasant Garden, ranar Laraba

Baban Salwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya hanya, ya gajiyar tuƙin tirela? Allah Ya sa ka sauke kayan lafiya. Mu nan lafiya lau, Salwa ta fara rarrafe. Na rubuto ta imel ne don a waya Hajiyarka tana jin duk abin da muke faɗi.

Ka san tun zuwanta daga Kano murhun falo ne wurin zamanta. Ta ce iskar hita tana busar mata da maƙogwaro, wutar itace kaɗai ke shiga gwiwoyinta. To kwanan nan hayaƙi yana dawowa cikin falo, ni da ita kullum ciwon kai. Shi ne na kira Malam Abdul-Razak, mutumin Kumasi ɗin nan mai sharar bututun hayaƙi, mijin Anti Abena.

Ya shimfiɗa leda a kan kafet, ya hau rufi da burushinsa mai dogon ƙarfe. Baƙin da ya kankaro ba toka ba ce, wani abu ne mai ƙyalli kamar kwalta, ya ce shi ke kamawa da wuta a cikin bango. Da ya zura kyamara sai ya kira ni. Na gani da idona: bututun ya tsage daidai bangon ɗakin Salwa. Ya ce kada a hura ko takarda sai ya sa sabon bututun ƙarfe, kuma kayan sai mako mai zuwa.

Hajiya ba ta ji daɗi ba. Ta ce tana hura itace tun ba a haife shi ba. Ga shi ana ta sanarwar ruwan ƙanƙara ranar Asabar. Don Allah ka kira ta, maganarka za ta fi ji.

Allah Ya dawo da kai lafiya.
Matarka, Kubura

Sedgefield, ranar Lahadi

Baban Salwa,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin bai same ka a hanya ba. Kada ka tsorata da ganin inda nake rubutowa, dukkanmu lafiya.

Jiya da hantsi aka ɗauke wuta. Ƙanƙara ta karya rassan itatuwa, ɗaya ya faɗo ya tare mana ƙofar gareji. Kafin azahar muna ganin numfashinmu a falo. Na goya Salwa a cikin rigata, na lulluɓe Hajiya da duk bargon gidan, amma haƙoranta na ta haɗuwa. Ina kicin na ji motsin itace. Na fito na tarar ta jera shi a murhu tana neman ashana.

Ban taɓa yi mata musu ba, ka sani. Jiya na tsaya tsakaninta da murhun na ce, “Hajiya, ki yi mini duk faɗan da za ki yi, amma ba za a hura wutar nan ba.” Ta dube ni ta ce ashe a gidan ɗanta sai ta nemi izinin jin ɗumi. Daga nan ta koma kujerarta ta juya mini baya.

Wayata ta kusa mutuwa, layinka kuma ba ya shiga. Na taɓa ƙafar Salwa na ji ta kamar ƙarfe. Ashanar da na ɓoye tana aljihuna, ina ta juya ta, ina tunanin ko 'yar wuta kaɗan ba za ta yi komai ba. Sai na tuna tsagewar nan.

Da la'asar muka ji hon. Malam Abdul-Razak ne da motar aikinsa. Ya ce shi ya hana mu wuta, ba zai iya zama a ɗumi ya bar mu ba. Shi ya riƙo Hajiya har mota, don ƙasa santsi take kamar gilashi. Ya kawo mu gidansu nan Sedgefield, Anti Abena ta ba mu ɗaki, ta dafa mana waakye, shinkafa da waken ƙasarsu. Hajiya tana hira da ita, ni ko kallo ban samu ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Taka, Kubura

Pleasant Garden, ranar Juma'a

Baban Salwa,

Barka da Juma'a, ya jiki da gajiya? Mun dawo gida. Malam Abdul-Razak ya wuni jiya a kan rufi, ya sa bututun, ya gwada da hayaƙi, ya ce a hura.

Hajiya ba ta motsa daga kujera ba, don haka na durƙusa da kaina. Ka san ni da gas na tashi. Na ƙone jarida guda, itacen ko baƙi bai yi ba, idona sai hawaye. Can na ji numfashinta a kaina. Ta ce, “Matsa, Kubura. Ba haka ake jera itace ba.”

Yanzu haka tana nan Salwa a cinyarta, ta sa na ɗora mana shayi. Tana gaishe ka.

Sai ka iso.
Matarka, Kubura