Laftof ɗin da ta raba Umma da ƙanwarta

Assalamu alaikum admin, sannu da ƙoƙari. Don Allah a ɗora min wannan amma a ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu da yawa a guruf ɗin nan. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda na maƙale ba.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Tudun Wada, ina da aure da yara uku, ina kuma karatun digiri irin na lokacin hutu. Bana ce shekarata ta ƙarshe, ga furojet a gabana, na gaji da zuwa kafe ina bin layi, shi ne na ce gara in sayi laftof tawa in riƙa bugawa a gida. Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata, ya girme ni da shekara biyu, Yaya muke ce masa, yana da shagon waya a kasuwar Tudun Wada, shi na ba wa saƙon. Ya shiga Kano ya kawo min ita sabuwa fil, a gabana ya yanka kwalin, har ƙamshin sabunta take yi.

To bari in gaya muku halin maigidana, don in ba ku san shi ba ba za ku yarda da sauran labarin ba. Mutum ne mai son leda. Rimot ɗinmu a leda yake, kujerun falonmu shekara biyar ke nan bai bari an cire musu leda ba, baƙo ya zauna da zafi sai ya tashi da ƙara, babur ɗinsa kuwa har yau da kwalin kamfani a jiki. Washegarin ranar da laftof ta zo ya ɗauke ta ya kai wa mai liƙa wa babura leda a bakin tasha, irin farar nan mai gam da ake ganin abu ta cikinta, aka naɗe ta sama da ƙasa da gefe, ramin caja da na filas kawai aka bari. Ya dawo yana murna, ya ce ko shekara goma zan yi da ita ba za ta yi tabo ba. Wallahi har godiya na yi masa, don ni ma a lokacin ta yi min kyau.

Ba a yi kwana uku ba ta fara. Ina cikin bugu, kamar minti ashirin ko talatin, sai in ji fankar cikinta ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe, maus ya ƙame, in danna nan in danna can shiru, sai sikirin ya yi baƙi ta kashe kanta ta sake tashi kamar ba ita ba. Wata rana ma ba ta mutuwa, sandarewa kawai take yi, sai na danne maɓallin kashewa da ƙarfi. Sau biyu babi na biyu yana tafiya a haka, rubutun da na yini ina yi. Ƙasanta zafi kamar dutsen guga, amma ni da ban taɓa mallakar laftof ba na zaci duk haka suke.

Babu abin da ban gwada ba. Mai kafe ya ce bairos ne, ya yi mata fomat ya sake zuba mata komai, ta ci gaba, na koma ya sake yi, ta ci gaba. Wani malami a makarantarmu ya ce wutar janareta ce ba ta so, na koma cajin sola a gidan maƙwabta. Wata ta ce in daina sa mata filas ɗin mutane, na daina, har hedimasta na hana. Wani ya ce ofdet take nema, na ƙarar da data ta yi ofdet ɗin, tana gamawa ta mutu. Na dai lura da sassafe takan daɗe, da rana kuwa ko minti goma ba ta kaiwa, amma ban kawo komai a raina ba, cewa na yi har ita ma ta iya lalacin rana.

Na kira Yaya na gaya masa. Abin da ya fara tambayata shi ne tana zafi, kuma a kan me nake ɗora ta, ya ce in kawo masa ya gani da idonsa, in ma matsalar kamfani ce akwai garanti. Da na faɗa wa maigidana sai ya ce kada in kuskura in ba shi, ai tsohuwa ce aka wanke aka sa a kwali, haka 'yan kasuwa suke yi yanzu, ina miƙa masa zai canja kayan ciki ya ɓatar da shaida. Ya yi ta maimaitawa har maganar ta zauna min. Tambayar da Yaya ya yi ma sai na ɗauke ta raini, wato ni ce baƙauyar da ban iya riƙe kwamfuta ba.

Ranar da ta haɗiye min babi na uku, ana gobe zan kai wa malamin da ke duba min aiki, ranar na yi abin da ya sa nake rubuto muku. Na ɗauki waya na yi muryar minti huɗu na tura guruf ɗin zumuncinmu, guruf ɗin da ke da iyaye da surukai da 'yan uwanmu na Doguwa da na Ƙofa. Na wanke shi tas. Na ce ya ha'ince ni, na ce in haka zai yi wa 'yar uwarsa to Allah ya jiƙan masu kai masa waya gyara. Ban san wanda ya fitar da muryar ba, amma kafin sati ta zagaya kasuwa. Shi kuwa layi ɗaya ya rubuta, "Allah ya sani sabuwa na sayo miki, ki kawo a duba." Na karanta na share shi.

Mahaifiyarsa, Inna, ta taka har gida wajen Umma, wai a ja min kunne. Umma ta ce 'yarta ba ta ƙarya, Inna ta ce ɗanta ba ya ha'inci, aka tono maganganun da suka girme ni, Inna ta ɗauki mayafinta ta fita. Wata biyu ke nan ba sa ko gaisawa, mutanen da uwa ɗaya ta haifa, waɗanda da kullum sai sun yi waya. An yi biki a Ƙofa kowacce ta shimfiɗa tabarmarta a gefe guda.

Ana cikin haka maigidana ya ce bari ya kai laftof ɗin wajen wani mai gyara a Kwanar Ɗangora a ji gaskiya. Ya dawo da yamma ya ce mai gyara ya tabbatar, injin ciki ne tsoho, ba ta gyaruwa. Ni kuma da bakina ba ya shiru na koma guruf na rubuta cewa ga shi nan ƙwararre ya duba ya tabbatar, duk mai kare Yaya sai ya zo ya ji. Bayan nan na lura ta ɗan ƙara daɗewa kafin ta mutu, amma ba ta daina ba.

Satin da ya wuce zan shiga Kano wajen malamina, na sauka a Kwanar Ɗangora na nemi shagon, da niyyar in tambaya ko akwai dabarar da za ta kai ni ƙarshen furojet. Dattijo ne mai gilashi. Ina fito da ita daga jaka ya juya bayanta, ya kalle ni ya ce, "Hajiya, har yanzu ba a cire ledar nan ba?" Na ce wace leda. Ya ce ai ya gane laftof ɗin, wani bawan Allah ya kawo ta kwanakin baya, kuma ya gaya masa lafiyarta ƙalau, sabuwa ce, ramukan da take shaƙar iska ne aka toshe, in ta yi zafi dole ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ya ce, "Na ce masa ya bari in ɓare, ya ce a'a zai yi a gida." Sannan ya nuna min wasu 'yan ƙananan huji a jikin ledar, sun fi talatin, an jera su da allura.

A gabana ya sa reza ya ɓare ta. Gam ɗin duk ya narke ya yi yauƙi, ƙura da gashi sun maƙale a jiki, sai da ya goge da sifirit. Ya kunna mata bidiyo ya ce in zauna. Awa biyu ina kan benci ina jira ta mutu, wallahi addu'a nake ta mutu, ta ƙi. Yau kwana takwas ko sau ɗaya ba ta sandare ba. Duk sanda na buɗe ta na ga tana aiki sumul sai in tuna muryar da na tura.

Da na dawo na tare maigidana da maganar. Da farko ya yi ƙememe ya ce dattijon ne ya ruɗe, mutum nawa yake gani a rana. Da na ajiye masa ledar a gabansa sai ya sauko, ya ce e, shi ya huda, da allurar ɗinkina ma, ya zaci hakan zai isa ta daina ba tare da kowa ya sani ba. Na ce to me ya sa ya ce min injin ne. Ya ce ai na riga na tura murya, shi ma ya riga ya faɗa a majalisarsu cewa Yaya maha'inci ne, so nake ya koma ya ce musu ledarsa ce? Ya ce magana ta wuce, a bar ta, lokaci zai shafe. Har dabara ya ba ni, wai in an tambaya in ce mai gyara ne ya canja wani abu a ciki. Ƙarshe ya ce in na faɗa wa kowa na tona masa asiri, kuma bai yafe ba.

Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba. Ba ledar ce ta dame ni ba, kowa yana kuskure, ni ma ai na gan ta na yaba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne fiye da wata guda yana kallona ina zagin ɗan uwana, yana kallon Umma tana kukan ƙanwarta, ya san gaskiya, ya ci tuwonsa ya sha ruwa ko a jikinsa. Yanzu in ya shigo yana min hira sai in ji kamar in tashi in bar masa ɗakin. Kuma in na gama jin haushinsa sai in dawo kan kaina, don ba shi ya riƙe min wayar ba, ni na danna na yi magana da bakina, mutum ya ce kawo in gani na hana shi. Na ji labarin masu kawo wa Yaya gyara sun ragu, har wani ya je ya karɓe wayarsa ba a gama ba, ya ce ya ji abin da ƙanwarsa ta faɗa.

Na yi tunanin in je wajen Yaya a ɓoye in ba shi haƙuri, amma a gaban jama'a na ɓata shi, haƙurin ɓoye ba zai mayar masa da sunansa a kasuwa ba. Na yi tunanin in faɗi maganar leda kawai in rufe ƙaryar, to amma saƙona na biyu yana nan a guruf, inda na ce ƙwararre ya tabbatar, dole a tambayi wa ya yi ƙaryar, ko dai in ce ni ce ko in ce shi ne. In na faɗi duka kuma na san halin mijina, ba zai ƙara iya haɗa ido da dangina ba, kuma a kaina zai huce, ga yara uku.

Ina cikin wannan lissafin jiya Umma ta kira ni muryarta cike da farin ciki. Ashe Kawunmu ya shiga maganar, ya tara manya, aka yanke cewa ranar Juma'a bayan masallaci Inna za ta zo da Yaya gidan Umma, ya durƙusa ya ba mu haƙuri ni da ita, ya karɓi laftof ɗin ya nemo min wata. Wai da farko ya ƙi, ya ce bai yi laifi ba, sai da Inna ta yi masa kuka ta ce ba ta so ta mutu suna gaba da yayarta, shi ne ya ce zai yi saboda ita. Umma ta ce min, "Kin ga Allah ya wanke ki, ki zo da wuri, kuma in ya ba da haƙuri ki karɓa kada ki ja." To kawai na ce. Maigidana ya ce ya amince in je, amma da sharaɗin in karɓi haƙurin in yi shiru.

Don Allah iyaye da yayye da ke guruf ɗin nan, da malaman da ke ciki, ku gaya min yadda zan yi. In faɗi gaskiya duka a gaban manya in ɗauki abin da zai biyo baya a gidana? Ko akwai hanyar da zan wanke Yaya ba tare da na kunyata uban 'ya'yana ba? Masu zagi ku zage ni, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Yau Laraba. Jibi mutumin da bai yi min komai ba sai alheri zai durƙusa a gabana ya ce in yafe masa, kuma har yanzu ban san abin da zan ce masa ba.