Tutar Baba Mai Jar Rana

Litinin, 15 ga Satumba, 2025

An koma makaranta. Na raba aikin bikin 'yancin kai. Malama Mufida za ta koya wa 'yan aji biyar tarihin tuta. Na ce mata kada ta ja zance: kore noma, fari zaman lafiya, shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina shugabar makaranta a Rano, ban ga yaron da wannan tambayar ta kayar ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Mufida ta faɗo mini ofis da waya a hannu, ko sallamar kirki babu. Wai, "Hajiya, ashe zanen farko na tutarmu da jar rana a tsakiya! Kwamiti ne ya cire ta kafin a ɗaga."

Na karɓi wayar. Na cire tabarau, na goge, na mayar. Tana nan daram a kan farin. Na ce mata waya ba littafi ba ce. Ta nuna mini wuri uku da aka rubuta haka. Na ce ta koma aji, yara na jiranta.

Sai da ta fita na tura ƙofa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ban taɓa rubuta wannan ba, bari in rubuta.

Baba tela ne a Kibiya, Malam Ishiyaku mai keke. Labari ɗaya gare shi a duniya: wai shi ya ɗinka tutar Najeriya ta farko da aka ɗaga a garin, ana saura kwanaki a sami 'yanci, kuma tutar tana da jar rana. Kowa ya kawo ɗinki sai ya sha labarin kafin a auna shi.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai, 1992, kaina ya kumbura. Ranar kasuwa ce. Na kai masa abinci shago, na tarar ya ɗauko labarin, wasu samari biyu suna ƙyafta wa juna ido. Na zaro littafin koyarwa daga jaka, na buɗe masa a kan keken, a gaban mutane. Na ce, "Baba, don Allah ka daina. Tutar Najeriya ba ta taɓa yin rana ba. Dariya ake mana a gari."

Ya dubi littafin, ya daɗe. Ya ce, "To, malama." Ya ci gaba da taka kekensa.

Bai ƙara ba da labarin ba. Shekara talatin da uku. Ni kuwa duk tsawon nan gani nake na rufa wa gidanmu asiri.

Asabar, 20 ga Satumba

Na yi niyyar zuwa Kibiya wurin Baba, ban je ba. Na ce wa kaina hadari ya haɗo. Ko ɗigo ba a yi ba.

Talata, 23 ga Satumba

Na kira Murtala, ƙanena, shi ke zaune da Baba. Ya ce jikin da sauƙi, kan ne ke tafiya yana dawowa. Shekaranjiya ya tambayi ko Inna ta dawo daga unguwa, Inna da ta shekara tara a ƙasa.

Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye shi ko ya tuna labarin tuta. Ya yi dariya. "Yaya, ai ke kika binne shi. Ni ina ƙarami, kansa kawai na ji." 'Ya'yansa ko kan ba su ji ba.

Na zauna in tuno da kaina. Wa ya sa shi ɗinkin? Kwana nawa ta yi a sama? Ban sani ba. Na ji labarin ya fi sau ɗari, ban taɓa saurara ba.

Murtala ya ce in ina da magana da Baba in zo da hantsi, lokacin ne hankalinsa ke gida. Ban ce masa ina da magana ba. Yadda ya gane, oho.

Asabar, 27 ga Satumba

Na je. Na sa an buga mini hoton tutar mai rana a takarda.

Na sami Baba a tsakar gida a kan tabarma, an shanya gyaɗa a gefe, yana korar kaji da sanda. Ya rame. Yana ganina ya washe baki. "A'a, Saude! Yaushe a gari?"

Gwaggo Saude ƙanwarsa ce, ta rasu tun ina budurwa, an ce ni na ɗauko fuskarta. Har na buɗe baki zan gyara masa, Murtala ya girgiza mini kai. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar.

Ya kai ta dab da ido. Ya sa yatsa a kan jan, yana bin gefensa kamar mai duba ɗinkin wani. Sai bakin ya buɗe.

Hedimastan elemantare ne ya kawo masa guntun jarida, ya ce ga sabuwar tuta, a ɗinka kafin bikin. Koren da farin an samu a kasuwar Rano. Jan ne ya gagara. Sai ya ɗauki jar dara, hular mahaifinsa ta zuwa Idi, ya yanka da almakashi, ya fitar da yatsun ranar ɗaya bayan ɗaya. "Kin tuna dukan da na sha, Saude? Ke kika ɓoye ragowar a cikin tukunya."

Kwana uku ta yi a sama. A na biyu aka tafka ruwa, jan ya zuba, ya gangaro a kan farin. Tsofaffi suka ce wannan jini ne, ba alheri ba, a sauke. Shi ya ce musu rini ne kawai. A na uku mota ta kawo ta gwamnati daga Kano, ba rana, ba komai. Hedimasta ya ce an fasa, ya warware tasa ya mayar da yadin.

"Ni dai na so ranar nan," in ji shi. "Koren na mai gona ne. Makiyayi fa? Tela fa? Rana kuwa kowa ta fito masa."

Ya naɗe takardar ya tura ƙarƙashin tabarma. Ya rage murya. "Amma kar ki ta da zancen nan a gaban Juwairiyya. Ta yi karatu. Kunya nake ba ta."

Ban san lokacin da na kama hannunsa ba. Na ce, "Baba, ni ce Juwairiyya. Kai ke da gaskiya. Ni ce ban sani ba. Ka yafe mini."

Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake wa baƙon da ya ɓata gida. Ya ce, "Juwairiyya tana Rano, tana aiki. Yarinyar kirki ce, ba ta faɗin abin da ba ta gani a littafi ba."

Na maimaita sau biyu. Ya koma kan kajinsa.

Na yi kuka a mota har Rano, wata mata tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Lahadi, 28 ga Satumba

Bara warhaka Baba yana gane kowa. Bara ma ina da waya a hannuna, ban taɓa dubawa ba.

Talata, 30 ga Satumba

Na tsaya a bayan ajin Mufida tana darasin. Ta nuna musu tutoci biyun. Da ta gama na ce ina da ƙari. Na ba su labarin dara da ruwan sama, suka yi tsit, har da masu surutun baya. Wata ta ɗaga hannu ta tambayi sunan telan.

Na ce wani dattijo ne a Kibiya. Abin da na iya faɗa ke nan. Na ji haushin kaina har aka tashi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na koma, don dai na yi wa matar Murtala alkawarin maganin tari.

Baba ya ce Saude, na amsa. Yaya ne dai na kasa kiransa yadda ita take yi, sai na bar wurin sunan a buɗe. Na tara yaran Murtala a bakin tabarma, na tambaye shi labarin tuta. Ya waiwaya tukuna, ya tabbatar ba kowa, sannan ya fara.

Yau kwana huɗu ta yi a sama, darar kuma ta zama ta kawunsa. Ban gyara masa ba. Na dai rubuta yadda ya faɗa, a ƙarƙashin na wancan makon.

Da zan tafi ya ce in na bi ta Rano in gaida masa Juwairiyya. Na ce za ta ji.