Kunkurun Nomau

Birni, Damagaram, 4 ga Yuni

Zuwa ga ɗiyata Lubna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, kina kuma riƙe da sallarki a kan lokaci, don na san Yamai gari ne mai sa mutum sakaci. Na ba direban kar, motar fasinja, wannan takarda. Kada ki amsa min da saƙon murya a waya, wanda ya yi karatun boko a lakwal ya rubuta da hannunsa.

Maganar kunkurun yayanki ce. Kin tuna ranar da zai tafi Libiya ya kawo shi cikin kwano, bai fi tafin hannu ba. Ya ce min, "Inna, ƙaramin iri ne, shekara bakwai yake yi ya mutu. Kafin ya mutu na dawo." Bana shekara takwas ke nan. Bai mutu ba, girma ma yake yi, ya kusa kai faifai biyu. Ya kuma haƙa rami a gindin katangar ɗakin yayanki. Malam Alkasum magini ya zura sanda bai taɓo ƙarshe ba, ya ce in fitar da shi kafin ruwa ya kankama. Na ce masa ba a fitar da amana.

Ke kika yi karatun dabbobi. Ki faɗa min wane iri ne, kuma saura masa nawa. Kada ki yi min kwana-kwana, ban rene ki a kan haka ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki, Fanta

Yamai, 11 ga Yuni

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Gwaggo Rakiya. Sallah ina yi, Inna, ko a Yamai akwai alƙibla.

Ba zan iya faɗin irinsa ban gani ba. Ki sa Gwaggo ta ɗaga shi ki duba min abu uku. Wane launi ne ƙoƙon bayansa? Ƙafafunsa na gaba santsi ne ko suna da kaushi? Sannan a cinyoyinsa na baya, kusa da wutsiya, akwai wasu ƙayoyi masu tsini?

Amma ki ji maganar Malam Alkasum. Ginin ƙasa ne, ɗakin Yaya Nomau kuma ba wanda ya kwana cikinsa shekara takwas. Ko ba ki duba kunkurun ba ma ba laifi, Inna. Sanin irinsa ba zai ƙara miki komai ba.

Ki huta lafiya.
Ɗiyarki, Lubna

Birni, 19 ga Yuni

Lubna,

Bayan gaisuwa. Ban son raha a kan sallah, ki kiyaye. Kuma tun yaushe ɗiya take zaɓa wa uwarta abin da za ta sani?

Mun duba. Ni da ƙanwata Rakiya muka kama shi, sai da bayanta ya amsa, tana cewa, "Yaya, wannan ai jaki kike kiwo." Launinsa na rairayi ne. Ƙafafun gaba kaushi gare su kamar an jera tsakuwa. Ƙayoyin da kika ce suna nan, biyu a kowace cinya, kamar ƙahon ɗan akuya.

Kullum da hantsi ina yanka masa ganyen yakuwa da ɓawon kankana. Ba zan ɓoye miki ba, bara da ya yi kwana tara bai ci ba na share ɗakin yayanki, na shanya katifa. Na ɗauka lokacin ne ya yi. Allah ya yafe min, na yi murna da ciwon dabbar da ba ta yi min komai ba. Sai ya tashi ya ci gaba da cin abincinsa.

An yi ruwa shekaranjiya, katanga ta tsage daga ƙasa. Na ga a takardarki kina kewaye-kewaye. Na san ki tun kina goye. Ki faɗi abin da kika sani.

Mahaifiyarki

Yamai, 27 ga Yuni

Inna,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki tun kafin ki karanta.

Babban kunkurun dajin Sahel ne, wanda ake ganewa da ƙayoyin cinya. Haƙa rami ɗabi'arsa ce, ba zai daina ba. Zai yi girman da mutum biyu ba za su ɗaga shi ba. Shekarunsa kuwa sukan wuce hamsin, wani ya kai saba'in. Naki yaro ne tukuna.

Ban buƙaci ki duba shi ba, Inna. Na so ne ki gaji ki bari. Ina tare da Yaya Nomau ranar da ya karɓo shi wajen wani manomi daga Damagaram Takaya, mutumin ya faɗa masa irinsa a gabana. A hanya na ce, "Yaya, don me za ka ce mata bakwai?" Ya ce, "In na ce ban san ranar dawowa ba, ba za ta sa min albarka ba. Muddin yana yawo a tsakar gida, za ta ce lokaci bai yi ba, ba za ta yi kuka ba." Ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba.

Shekara biyar ke nan lambar wayarsa ba ta shiga. Na tambayi duk wanda ya dawo ta Agadas, ba wanda ya gan shi. Ban ce ya rasu ba, ban sani ba.

Ma'aikatan gandun daji suna karɓar irin wannan su mai da shi daji. Ki ba su shi, ki ceci ɗakin.

Ɗiyarki mai neman afuwa, Lubna

Birni, 2 ga Agusta

Lubna,

Bayan gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba. Rantsuwa a kan ƙarya ba rantsuwa ba ce, ki yi istigfari. Na yafe miki.

Katangar ta faɗi ranar Talata da la'asar, rufin ɗakin ya bi ta. Ba wanda ya ji ciwo. Katifar da akwatinsa suna ƙarƙashin ƙasa. Malam Alkasum ya zo ya tsaya, bai tuna min da gargaɗinsa ba, na gode masa da wannan. Washegari kunkurun ya fito daga cikin ɓaraguzai ya nufi inda nake ajiye masa yakuwa.

Ban kira 'yan gandun daji ba. Shekarata sittin da ɗaya, na yi lissafi, shi zai ga bayana. In ta Allah ta kasance, ki zo ki ɗauke shi. Ba ya son albasa.

Kin san yayanki ɗan fari ne, tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, don kunya. Yau zan rubuta, ko sau ɗaya. Nomau. In ya zo bayana, ki nuna masa wannan takarda, ki ce na ciyar da kunkurunsa.

Allah ya yi muku albarka, ku duka biyu.
Mahaifiyarku, Fanta