Mai Gadin Jarkoki

Zuwa ga jikata tela,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da keken ɗinkinki. Na ba direban motar kayan abinci wannan takarda, tunda kunnena ya daina jin waya.

Bayan haka, ina nan ƙalau a sansanin gudun hijira in ban da ciwon gwiwa. Tun rasuwar kakarki tantin nan ya yi mini girma. Mai ɗebe mini kewa ita ce 'yar maƙwabciyata, wadda nake kira Kumatu. Takan rarrafo ta damƙi gemuna kamar ita ta ba ni ajiyarsa.

Ita ce ma dalilin rubutun nan. Ƙyanda ta ɓulla a tantunan bayan makaranta, Kumatu kuwa ba a yi mata allura ba. Ba ƙi uwar ta yi ba, ta je ta dawo har ta gaji. Malamar allura ta ce kwalba ɗaya ta yara goma ce, in an buɗe ta kuma ba ta kwana, don haka sai yara sun taru. Mata kuwa ba sa taruwa, domin lokacin zuwan malamar shi ne lokacin da ake sakin ruwa a famfo. Wadda ta bar layi ta kwana ba ruwa. Sai su riƙa leƙawa ɗai-ɗai a guje, ana ce musu su dawo.

Na ga abin da ƙyanda take yi tun ina ɗan makaranta. Hankalina bai kwanta ba.

Ni ne kakanki.

*

Zuwa ga angona tsoho mai ran ƙarfe,

Ina gaisuwa, Kaka. Wato wata mai kumatu ta ƙwace mini kai, shi ne har da aiko mini da labarinta? Ba komai.

Ina sandar nan da ka sha korar mu da ita daga gindin mangwaro? Layin ruwa ai ba tsere ba ne. Ka sa a kai maka kujera bakin famfo, matan su ajiye jarkokinsu su tafi gaba ɗaya, kai ka riƙa tura jarkokin gaba da sanda. Gwiwarka ba ta da abin cewa, a zaune za ka yi.

Ɗakin da muka gyara maka yana nan, har gizo-gizo ya fara tambayar ko mai shi ya fasa.

Amaryarka.

*

Jikata,

Gaisuwa. Na bi shawararki, na kuma sha kunya.

Matan sun yarda. Suka jera jarkoki, suka goya yara suka tafi, ni ina bisa kujera kamar alƙali. Abin da ni da ke muka manta, jarkokin nan duk rana ɗaya aka raba mana su. Dukansu ruwan ɗorawa, girmansu ɗaya. Mai kula da famfo yana cikawa, ina turawa, wata ta faɗi, na gyara, layi ya rikice. Sai wata uwar tagwaye, wadda ta dawo ɗaukar mayafi, ta gani.

“Baba! Tawa ce ta biyu, ya na gan ta a ƙarshe?”

Na ce, “Da me kika gane ta, 'yar nan?”

“Murfinta a fashe yake!”

Na ce, “Duba mini wadda nata ba a fashe ba.”

Muryarta ba ta bukatar lasifika. Kafin malama ta buɗe kwalba, mata duk sun kwaso a guje, kowa na jan jarka. Malama ta jira ta gaji ta tafi. Uwar Kumatu ta ce, “Baba, ka yi ƙoƙari, bar shi haka.” Wannan ya fi ihun uwar tagwaye yi mini ciwo.

An ce ƙyandar ta matso layin bayanmu. Malama za ta dawo mako mai zuwa.

Kakanki.

*

Kaka,

Na yi dariya har na ɗinka aljihu a bayan riga. Yi haƙuri.

Ga ƙullin ƙyallaye nan wurin direba, ragowar ɗinkina ne. Kowane launi na yanka shi biyu. Ɗaya a hannun jarka, ɗaya a hannun yaro. Mai ja-in-ja ta ɗaga hannun ɗanta a gani. Mafi haske na zaɓo, saboda idon angona.

Kada ka bar shi haka.

Amaryarka.

*

Jikata, Allah ya yi miki albarka,

An buɗe kwalba!

Da farko matan sun ƙi. Sai na miƙa wa uwar tagwaye ƙullin na ce ita za ta raba, tunda ta fi kowa ido. Nan take ta zama sarauniya. Ta ɗaukar wa kanta ja mai furanni, ta ɗaura wa uwar Kumatu kore, tana cewa, “Wadda ta dawo kafin a gama, da ni za ta yi!” Layin famfo ya koma kamar shagonki. Ba jarkar da ta ɓace mini.

Yara sun taru har malama ta buɗe kwalba ta biyu. Da ta gama ta tako har bakin famfo ta ce, “Baba, kai ne sabon ma'aikacinmu?” Na ce sanda ce ma'aikaciyar, ni ɗan rakiya ne.

Kumatu ta dawo da hawaye a kumatu da koren ƙyalle a hannu. Ta ƙi kallona, kamar ni na soke ta. Zuwa la'asar ta huce, ta rama a kan gemuna. Jikinta ya ɗan yi ɗumi, washegari ta ware.

Ki ƙaro ƙyallaye, matan bayan makaranta sun aiko suna son a yi musu. Ki kuma ba gizo-gizo haƙuri ya ci gaba da riƙe mini ɗaki. Yanzu a tantina ake ajiye jarkoki, yara kuma sun gano hanya. Ko wurin miƙe ƙafa ba ni da shi.

Ki huta lafiya.

Ni ne kakanki, mai gadin jarkoki.